Injin gwajin gaba da baya: inda masu maɗaba'a suke tafka kuskure

Mai maɗaba'a a Yamai in ya tashi sayen injin gwaji mai buga gaba da baya, kyan launi yake fara dubawa. To, ba aikin injin ba ke nan. An yi shi ne don a ga jerin shafuka kafin a fitar da faranti, wato allunan da babban inji ke buga aikin da su: a ɗan littafi mai shafi 16, na 16 ya zauna kusa da na 1, na 2 kuma ya faɗa daidai bayan na 1. Launi aikin wani inji ne daban, mai buga fuska ɗaya kan takarda ta musamman, wanda ake aunawa da ƙa'idar gwajin launi ta ƙasa da ƙasa, ISO 12647-7. Ka sa wanda ya kawo aikin ya sa hannu kan launin injin gaba da baya, ranar ɗaukar kaya sai kun yi cacar baki.

Kada kuma ka yarda da fayil ɗin da dillali ya zo da shi. Kawo naka, mai ɗauke da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, don akwai manhajar da ke mayar da su akwatin banza. In an buga, ɗaga takardar ga hasken taga, ka duba ko alamomin yanka na gaba sun hau kan na baya. Duba kusurwa huɗu, ba tsakiya kaɗai ba, don karkacewa a gefe take ɓuya. Sannan ka naɗe ta, ka yanke, ka buɗa shafi-shafi kamar mai karatu. Zafin injin leza yakan ɗan tsuke takarda bayan fuskar farko, sai ta biyu ta goce, shi ya sa ake gwada takarda goma a jere, ba ɗaya ba. Injin tawada kuwa yakan jiƙa takarda mai giram 80 har rubutun baya ya leƙo.

Takardar ma a bar ta ta kwana a ɗakin injin cikin ledarta, domin bushewar hunturu da laimar damina kowanne yana lanƙwasa ta.

Farashi kuma ba kuɗin inji ba ne kawai. Tambayi jaka nawa tawadar take, wa ke sayar da ita a Yamai, kuma in ƙura ta toshe kan injin mai fesa tawada, wa zai zo ya gyara.