Dogon mutum da sandar biliyar: kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen tsawo

Yawancin sandunan da ake samu a gidajen wasan biliyar na Damagaram, daga Birni har Zango da Sabon Gari, tsawonsu ɗaya ne: inci 57 ko 58, wato santimita 145 zuwa 147. Wannan shi ne awon da masana'antu suka fi fitarwa, kuma yana yi wa mutum mai matsakaicin tsayi daidai. Dogon mutum kuwa yakan yi shekaru yana fama da sandar da ta yi masa kaɗan bai sani ba, yana ɗora laifi a kan ido ko a kan tebur. Wani kuma da zarar an ce masa shi dogo ne sai ya aika Kano a sayo masa mafi tsawon da ke akwai, wasansa ya ƙara lalacewa.

Babban kuskuren shi ne auna sanda da tsayin jiki. Za ka ga an tsayar da ita ƙasa, an ce in ta kai kafaɗa ko haɓa to ta yi. Wannan awon ba ya faɗin komai, domin ba a tsaye ake bugu ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne tsawon hannuwa da irin sunkuyon mai wasa. Mutum biyu za su iya zama santimita 190 dukansu, ɗaya tsawonsa a ƙafafu yake, ɗayan kuma a hannuwa. Na farko sanda mai 147 za ta iya isarsa har ya tsufa, na biyu kuwa hannunsa na baya zai riƙa zamewa daga gindinta.

Ga yadda ake aunawa, kuma ba ya buƙatar komai sai metir irin na tela, da alli, da aboki guda. Ka samo gora ko bututun roba miƙaƙƙe mai santimita 165. Ka sunkuya a tebur kamar za ka yi bugu na gaske, kan sandar ya rage santimita ɗaya ya taɓa farar ƙwallo. Tazarar da ke tsakanin hannun gaba da ƙwallon ta zama santimita 20 zuwa 25. Sannan abokinka ya tsaya a gefe ya riƙa matsar da hannunka na baya har sai sangalin hannu, daga gwiwa zuwa tsintsiya, ya sauka ƙasa sak, bai karkata gaba ba, bai karkata baya ba. A nan zai shata alli a bayan ƙaramin yatsa. Ku auna daga kai zuwa wannan shatin, ku ƙara santimita 5 zuwa 8. Abin da ya fito shi ne tsawon sandarka. Ku maimaita sau uku, kana miƙewa tsakanin kowane awo, domin sunkuyon farko yakan zama na gwaninta, ba wanda aka saba ba.

In lissafin ya tsaya ƙasa da 148, ka bar kuɗinka a aljihu. In ya kai 150 zuwa 153, sanda mai inci 60 kake nema. In ya haura haka, sai mai inci 62, wato santimita 157, kuma galibi sai wanda tsayinsa ya wuce santimita 193 ne ke kaiwa nan. Dokar Hukumar biliyar ta duniya, WPA, ba ta sa iyaka a tsawo ba. Ta dai ce kada sanda ta gaza santimita 101.6, kada nauyinta ya wuce giram 708, kada faɗin kanta ya wuce milimita 14. Saboda haka wanda ya ce maka doguwar sanda maguɗi ce, bai san dokar ba. Earl Strickland na Amurka, wanda ya ci kofin duniya a 1990 da 1991 da 2002, sananne ne da wasa da sandar da ta fi ta yau da kullum tsawo.

Ya kamata a fahimci ainihin ɓarnar da gajeruwar sanda ke yi, domin a nan ne mutane da yawa ke maganin abin da ba shi ne ciwon ba. Hannun baya lilo yake yi daga gwiwa. Lokacin da sangali yake tsaye sak, sanda tana tafiya a miƙe. Da ya wuce wannan wurin, hannu ya fara hawa sama, kan sanda kuma ya fara nutsewa ƙasa. Dogon da sandarsa ta yi kaɗan dole ya riƙe ta gaba da inda ya kamata, don haka tun kafin ya taɓa ƙwallo hannunsa ya riga ya fara hawa. Sakamakon haka yana bugun farar ƙwallo ƙasa da inda ya nufa, wani lokaci kan sandar ya zame ya kartsi ƙyallen tebur. Hannun kuma yana cin karo da ƙirji da wuri, bugun ya yanke. Don ya rama, sai ya riƙa sauke gwiwar hannu yana turawa da kafaɗa, kuma kafaɗa ba ta maimaita abu iri ɗaya sau biyu. Shi ya sa za ka ga yau ya jefa ƙwallo mai wuya, gobe ya zubar da wadda ke bakin rami. Wasu kuma sukan matso da hannun gaba har ya rage santimita 10 kawai, su rasa wurin ja da baya, bugun ya koma tsikara.

Kafin a ɗora wa sanda laifi, a duba tsayuwa. Saman tebur yana tsakanin santimita 74 da 79 daga ƙasa, kuma ba zai taso don kowa ba. Dogo ya buɗe ƙafafu fiye da faɗin kafaɗa, ya tura ƙugu baya, ya lanƙwasa gwiwar ƙafar gaba kaɗan, bayansa ya kwanta a miƙe ba a ƙudundune ba. Da yawa in suka gyara wannan sai hannun baya ya koma wurinsa.

Sai kuskuren wuce gona da iri. Wanda ya samu doguwar sanda yakan ji daɗin tsawon har ya ja hannun gaba baya, tazara ta kai santimita 35 ko 40. Lissafin ba shi da wuya. In tsakanin hannu da hannu akwai mita ɗaya, tazarar gaba kuma 20 ce, karkacewar santimita ɗaya a hannun baya tana zama milimita 2 a kan sanda. In tazarar ta koma 35, ta zama milimita 3.5. A jikin ƙwallon da faɗinta bai wuce milimita 57 ba, wannan ya isa ya sa ta juyin da ba a nema ba. Ƙarin tsawon na hannun baya ne, kada a kai shi gaba.

Tsawo kuma yana zuwa da nauyi. Sanda ta yau da kullum tana tsakanin giram 510 da 600, kuma in ka ɗora ta a kan yatsa za ta daidaita wajen santimita 46 zuwa 48 daga gindi. In aka ɗaura ƙari a baya, nauyi ya koma can, kan sanda ya riƙa tashi daga hannun gaba. Gyaransa a cire robar gindi a duba ciki. Sanduna masu kyau da yawa suna da ƙarfen nauyi a ciki wanda ake kwancewa a sa ƙarami. A auna ta a sikelin kanti kafin gyara da bayansa. Dogo ba ya buƙatar sanda mai nauyi fiye da ta kowa, saurin hannu ne ke ba ƙwallo ƙarfi.

Ga mai sanda mai rabuwa biyu, ba lallai ne ya sayi sabuwa ba. Akwai gajeren ƙari na santimita 5 zuwa 10 da ake murɗawa a tsakiya, akwai kuma rabin gaba mai inci 30 maimakon 29. Inda ake faɗawa rami shi ne haƙoran mahaɗin, domin iri-iri ne: Uni-Loc, Radial, 3/8x10, 5/16x14, 5/16x18, kuma ba sa shiga juna. Wanda zai yi saƙo ya aika da rabin sandar kanta a gwada a gaban mai sayarwa. In aka tilasta wanda bai dace ba, haƙoran sun cinye, sanda ta tashi aiki. A kuma faɗi awon da inci da santimita duka biyun, tunda a Nijeriya da inci ake ciniki, mu nan da santimita muka saba. A duba ƙwallayen teburin da ake wasa a kai: manya masu milimita 57 suna son kan sanda mai milimita 12 zuwa 13, ƙanana masu 51 kuwa suna son mai 8 zuwa 9.5.

Haɗin gida, inda ake buga guntun katako da ƙusa a gindi, yana tsaga itace kuma ba ya taɓa zama a tsakiya. In babu makawa, a kai wa mai injin da ke juya itace ya huda tsakiyar sak, ya haɗa da turken katako da gam, kuma a gindi kawai, kada a taɓa gaba.

Ɗaki ma yana da ta cewa. Ƙaramin tebur mai ƙafa 7 filinsa kusan santimita 99 ne a 198. Da sanda mai 147 ana buƙatar ɗaki mai kusan mita 3.9 a 4.9, da mai 157 sai 4.1 a 5.1, ban da wurin ja da baya. A rumfa ko ɗakin da bai kai haka ba, a ajiye gajeruwa guda don bugun jikin bango, kada a riƙa ɗaga gindin doguwar sama.

Doguwar sanda ta fi saurin lanƙwasa, yanayinmu kuma ba ya raga wa itace: bushewar hunturu, zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, sai laimar damina. Kada a jingina ta da bango a karkace, kada a bar ta a rana ko dab da rufin kwano, kada a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. A kwantar da ita a shimfiɗe ko a rataye ta tsaye. Mai yawo da ita a kabu-kabu ya zaɓi mai rabuwa biyu, ya kuma auna jakarta, domin jakunkuna da yawa an ɗinka su ne don rabi mai santimita 74. Ranar saye, a haɗa ta a mirgina a kan tebur a hankali ana kallon kanta. In yana tashi yana sauka, a mayar da ita a karɓi wata.