Yadda ake kula da kaji masu zubar da gashi kafin shigowar sanyi

Idan yini ya fara gajarta, mai kiwon kaji a gida yakan tarar da gashi warwatse a akurki, ƙwai kuma ya ragu ko ya ɗauke gaba ɗaya. Wannan ba cuta ba ce. Raguwar hasken rana ce ke sa kaza ta zubar da tsohon gashinta ta tsiro sabo wanda zai kare ta daga sanyi, kuma yawanci takan fara hakan ne tana da kimanin watanni 18, sannan ta riƙa maimaitawa kowace shekara.

Matakin farko shi ne tabbatar da cewa sauyin gashi ne, domin a nan ne ake yawan kuskure. Zubar gashi na ɗabi'a yana da tsari: yakan fara daga kai da wuya, ya gangaro ƙirji da baya, ya ƙare a fikafikai da jela, kuma a inda ya zube za a ga sababbin tsirai masu tsini suna fitowa. A kama kazar a hankali, a buɗe gashin ƙarƙashin fiffike da kewayen dubura a duba. Idan an ga ƙwarƙwata ko ƙwayayenta manne a gindin gashi, ko fata ta yi ja ba tare da sabon tsiro ba, to matsalar daban ce kuma tana bukatar magani. Akwai ƙananan ƙwari masu shan jini da ke ɓuya a tsagar katako da rana su fito da dare, don haka a leƙa akurkin da tocila bayan duhu ya yi. Idan kuwa bayan kazar kaɗai ya tsige, sau da yawa aikin zakara ne.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci, shi ne gyara abinci. Fiye da kashi 80 cikin 100 na gashin tsuntsu furotin ne, shi ya sa jikin kaza ke dakatar da yin ƙwai ya karkatar da abin da ta ci wajen gina gashi. Abincin kaji masu ƙwai yakan ƙunshi furotin kimanin kashi 16, amma a wannan lokaci ya kamata a ɗaga shi zuwa kashi 18 ko 20, ta hanyar cakuɗa sabon abincin da tsohon na kusan mako guda don kada cikinsu ya ɓaci. Dafaffen ƙwai da busassun tsutsotsi suna taimakawa. A rage watsa musu tsabar hatsi, domin tana cika ciki alhali furotin ɗinta kaɗan ne. A ajiye dakakken ɓawon kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo, wanda ke ƙarfafa ɓawon ƙwai) a wani mazubi daban saboda waɗanda ba su daina ƙwai ba, ruwa mai tsabta kuma kada ya yanke.

Daga nan sai a rage taɓa su. Sabon tsiron gashi yana da jini a cikinsa, taɓa shi yana yi wa kaza zafi, idan ya karye kuma yakan zubar da jini. In hakan ta faru, a danne wurin da tsumma mai tsabta har jinin ya tsaya, a keɓe kazar, domin sauran na caccakar duk inda suka ga ja. Kada a kawo sababbin kaji cikin garken a wannan lokaci.

Akurki ya kasance a bushe, da shimfiɗa mai kauri, a toshe inda iska ke kaɗa su kai tsaye amma a bar kafar shaƙar iska ta sama. Ban goyi bayan kunna musu fitila don tilasta musu ƙwai ba, domin hutun da jikinsu ke bukata ke nan.

Yawanci lamarin yakan ɗauki makonni 8 zuwa 12, wasu kajin su haura haka. Idan gashi ya cika, zanko ya sake yin ja, a mayar da su kan abincin masu ƙwai sannu a hankali. Kazar da ta daina ci, ko take gudawa, ko ta rame ƙwarai, a nuna ta ga likitan dabbobi ba tare da jiran gashinta ya cika ba.