Shawara ga masu son sa sensar iskar oksijin mai hita

'Yan'uwa, duk wanda ya canja bututun hayaƙin motarsa ta tsere ya sa dogaye, to ya duba sensarsa ta oksijin, wato na'urar da ke auna iskar oksijin a cikin hayaƙi ta sanar da kwamfutar mota. Tsohuwar mai waya ɗaya ba ta fara aiki sai ta kai kusan digiri 300 na zafi, kuma hayaƙi kaɗai take jira ya gasa ta. Da dogayen bututun sun sa ta yi nisa da injin, sai ta huce idan mota na tsaye tana aiki. Nan kwamfutar mota ke daina sauraronta, mai ya yi ta tafiya, fulogi su yi baƙi ƙirin.

Ni dai mai waya huɗu na fi yarda da ita, don tana da hitar da ke gasa ta. A irin ta kamfanin Bosch, baƙar waya ce sigina, ruwan toka ita ce as (wato nagatif), farare biyun na hita ne. Hitar a ba ta wuta bolt 12 ta layin da makulli ke kunnawa, da fis ɗinta. Kada a haɗa ta kai tsaye da batir, za ta yi ta shanye shi ko da mota na kashe.

Don Allah kada a yi wa wayoyinta dalma, a matse su da maɗauri. A kuma ɗaura ta ta saman bututu, bakinta na kallon ƙasa, don ruwan da ke taruwa da safe kada ya fasa ta.