Yadda za ka ƙirƙiro hamada a taswira don labarinka

Matasan marubuta a nan Katsina sun sha tambayata yadda ake ƙirƙiro hamada mai kama da gaske. Ga matakan:

1. Samo farar takarda, ka sa alamar arewa a sama.

2. Zana duwatsu a gefe guda. Su ke tare hadari, shi ya sa bayansu ke bushewa.

3. Ƙayyade ruwan sama. Kada ya wuce milimita 250 a shekara, in ba haka ba daji ka zana.

4. Zaɓi inda iska ke fitowa, domin ita ke jera tudun rairayi. Hunturunmu daga arewa maso gabas yake zuwa.

5. Ɗiga rijiyoyi da dausayi.

Hattara, nan ake yawan tuntuɓe! Ayarin raƙuma kan ci kilomita 30 zuwa 40 a yini. In ka nisanta rijiyoyi da yawa, ƙishirwa za ta kashe fatakenka tun raƙuman ba su gaji ba.

6. Ja hanyar fatake daga rijiya zuwa rijiya, ko da ta karkace. Madugu ruwa yake bi.

7. Ka ba kowane gefe abin da ɗayan ya rasa. Garin Bilma da ke hamadar Nijar na da gishiri da dabino, ƙasar Hausa na da gero, shi ya sa ayari ke kai da komo.

8. Kafa birni a mahaɗar hanyoyi, mai ganuwa da ƙofofi kamar Katsina.

9. Sa tafiyar a lokacin sanyi, kuma ka ba mutanenka bargo, daren hamada ba wasa ba ne.