Yadda ake shirya fim ɗin zahirin rayuwa ba tare da an yi wa talauci kwalliya ba

Gajeren fim ɗina na farko a kan wata mata ne da aka kora daga ɗakin haya. Na haska ɗakin da fitilu uku, na sa jarumar ta yi kuka har da birgima, na ɗora sarewa a kai. Da muka zauna kallo, edita ya ce mini, "Malam, wannan ɗakin ai ko ni zan kama haya." A nan na gane na ɗauki hoton tausayi ne kawai, rayuwar matar kuwa ban taɓa ta ba.

In kana son gwada wannan salo, fara da ƙaramar asara. Kada ka ce za ka yi fim a kan rashin aikin yi, wannan taken lacca ne. Nemi abu guda da za a iya riƙewa da hannu, wanda in ya ɓace gida zai girgiza. A fim ɗin daraktan Italiya Vittorio De Sica na 1948, Ladri di biciclette, wato ɓarayin keke, wani magidanci a birnin Rum ya samu aikin manna fasta, sharaɗin aikin keke. Matarsa ta kai zannuwan gadonsu jingina aka karɓo kekensa da shi ma yake jingina, ranar farko aka sace shi. Labarin ke nan kacokan. Amma dubi wurin jinginar: ma'aikaci ya ɗauki ƙullin zannuwan yana hawa kantoci, sai ka ga ƙulle-ƙulle irin nasu jibge har kusan rufi. Ba wanda ya buɗe baki, ga shi an gaya maka dubban gidaje suna cikin wannan hali. Irin wannan hoton za ka nema tun kana rubutu.

Daga nan sai batun mugu. Hannu zai yi ta ƙaiƙayi ka ƙirƙiro azzalumi mai ƙaton tumbi. Ka daure. A wannan salo abin da ke danne mutum doka ce, ko layi, ko takardar da aka ce ya dawo da ita gobe. Daraktan Senegal Ousmane Sembène ya nuna haka a fim ɗinsa Borom Sarret na 1963: mai amalanken doki a Dakar ya kai fasinja unguwar masu hali inda aka hana amalanke shiga, ɗan sanda ya ƙwace masa abin sana'a. Ɗan sandan aikinsa yake yi, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Wurin ɗauka ya zama na gaske. Italiyawan zamanin De Sica sun fita titi ne har da dalilin dole, don bayan yaƙin duniya na biyu an mayar da sitidiyon Cinecittà sansanin 'yan gudun hijira. Ka shiga ɗakin da ake kwana a ciki, ka bar tabon bango yadda ka same shi, ka yi aiki da hasken taga. In za ka ƙara fitila, ta zama wadda mai kallo ba zai lura da ita ba.

'Yan wasa su ne inda na fi ɓata lokaci, kuma ban taɓa nadama ba. Lamberto Maggiorani, wanda ya fito a magidancin nan na fim ɗin De Sica, ma'aikacin masana'anta ne, ba ɗan fim ba. Jiki yana da tarihi: wanda ya shekara goma yana ɗaukar kaya, zamansa a kujera daban ne, kuma ba a koyar da wannan a sati biyu. Sai dai sabon shiga yana ganin kyamara yake sandarewa. Dabarar daraktan Birtaniya Ken Loach na aro: yana ɗaukar fim bi da bi yadda labarin ya jeru, kuma ba ya ba ɗan wasa rubutun gaba ɗaya, sai na abin da ke gabansa. Ranar da mummunan labari zai iso, firgicin da ke fuskar na gaske ne. Ka kuma bar mutane su yi magana da karin harshensu, da in'ina, da katse juna. Loach ya bar yaran fim ɗinsa Kes na 1969 da karin yankin Yorkshire na Ingila, duk da wasu masu jin Turanci sun sha wuyar fahimta.

Kyamara ta tsaya daidai idon mutum. Ko ka ja baya ka ɗauka daga nesa kamar mai leƙe, ko ka saɓa ta a kafaɗa ka bi jarumi a ƙeya, yadda 'yan'uwan nan Dardenne na Beljiyam suka bi yarinyar Rosetta, fim ɗin da ya ci babbar kyautar bikin Cannes a 1999. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Girgiza kyamara da gangan kuwa, don a ce zahiri ne, jiri kawai take sa mutane.

A ɗakin tacewa kada ka yi saurin yanka. Bar jaruma ta ƙirga canjin hannunta sau biyu, bar jarumi ya jira a benci har mai kallo ya fara gyara zama. Kiɗa kuma, in ba daga rediyon cikin ɗakin yake fitowa ba, tambayi kanka me ya zo yi. Ni yanzu na kan cire shi duka, in kalla, sannan in mayar da abin da ya zama dole. Galibi ba komai.

Furodusa zai roƙe ka ka kawo attajirin da zai share hawaye a minti biyar na ƙarshe. De Sica bai kawo ba. Magidancin ya gaji da nema, ya yi yunƙurin satar keken wani, aka kama shi a gaban ɗansa, mai keken ya ce a ƙyale shi. Yaron ya kama hannun uban, suka shige cikin taro, keke bai dawo ba.