Kurakuran da aka fi yi wajen sauke injin motar tsere a gida

Motata tsohuwar Toyota MR2 ce ƙirar 1991, irin ta Amurka, mai kujera biyu. Wanda ya buɗe bonet ɗin gaba yana neman inji, safaya zai tarar. Injin yana bayan kujeru, tsakanin direba da tayoyin baya, a cikin wani ɗan rami da hannu ke shiga da ƙyar. Shi kansa injin ba baƙo ba ne, 5S-FE ne mai lita 2.2, ɗan gida ɗaya da na tsohuwar Camry da kowane bakanike a Zariya ya sani kamar yunwar cikinsa. Wahalar a fitar da shi take. Sau biyu ina sauke shi a gidanmu a Tudun Wada, na kuma taya wasu abokai da nasu, kuma kusan kullum kuskuren daga wuri ɗaya yake tasowa: mutum zai zuba kuɗi a akwatin sifana mai ƙyalli, amma abin da zai riƙe masa nauyin mota da nauyin inji sai ya ce a yi maneji.

Kafin ka sayi ko da wosha ɗaya, ka san ta inda injinka yake fita. Da yawa suna ɗauka cewa kowane inji sama ake jansa, domin haka suka saba gani a gareji. Motoci da yawa masu inji a gaba, irin Mazda MX-5, haka ne. Amma MR2, da Porsche Boxster, da Porsche 911 mai inji a can baya, ta ƙasa ake sauke nasu, galibi tare da giyabos: a dire inji a kan wani abu mai taya, a ɗaga bayan motar, a jawo shi waje. Ferrari F355 da aka ƙera daga 1994 zuwa 1999 ta yi suna da wannan, domin canjin tayam bel kaɗai yakan sa a sauke injin gaba ɗaya da firam ɗin da yake zaune a kai. Sai a 360 Modena da ta gaje ta aka yi wata ƙofa a bayan kujeru da ake kaiwa ga bel ɗin. Saboda haka kayan aikin farko littafin gyaran motarka ne, na daidai shekararta da daidai injinta. Ka buga shafukan da kake buƙata a takarda, domin hannu mai baƙin mai ba ya shiri da fuskar waya.

Idan ta ƙasa injinka zai fita, ka auna tsayinsa daga sam, wato kaskon baƙin mai da ke gindin inji, har zuwa abin da ya fi tsawo a samansa, ka ƙara tsayin abin da za ka dire shi a kai. Wannan shi ne tsayin da bayan motar zai kai. Na ga wanda ya kwance komai, ya dire inji a ƙasa, sannan ya gane jak ɗinsa ba zai ɗaga motar yadda injin zai wuce ba.

A karo na farko da na yi aikin, bulo na jera a ƙarƙashin motar, na siminti mai inci tara, biyu-biyu. Wani dattijon bakanike maƙwabcinmu ya leƙo, ya tsaya yana kallo bai ce komai ba, can ya ce, “Ɗana, wa zai shiga ƙarƙashin nan?” Na ce, “Ni ne, Baba.” Sai ya jawo wani bulo da ya rage a gefe, ya karɓi guduma a hannuna, ya ɗan buga shi sau ɗaya a tsakiya. Bulon ya rabe gida uku, yashi na zuba. Ya miƙo mini gudumar ya ce, “Ka je ka ɗauko istan a shagona.” Har yau idan na ga ƙafafun mutum sun leƙo daga ƙarƙashin motar da ke kan bulo, gabana faɗuwa yake yi. Bulo ba ya lanƙwashewa ya ba ka alama, fashewa yake yi lokaci guda. Jak ma aikinsa ɗagawa ne kawai, domin ɗan roba ne a ciki yake tare man da ke riƙe da motar, kuma roba tana gajiya.

Abin da ake buƙata matokaran ƙarfe ne guda huɗu, waɗanda kanikawa ke ce wa istan, kuma ka lura cewa nauyin da aka rubuta a jikinsu sau da yawa na guda biyu ne a haɗe. Idan mai walda zai haɗa maka, ya yi da bututu mai kauri da gindi mai faɗi, kuma fil ɗin da ke riƙe tsayin ya zama ƙarfe mai ƙarfi, kada a yanko guntun rodi a zura. Ka kafa su a wuraren da littafi ya nuna, domin ƙasan waɗannan motoci akwai bututan ruwa da na mai da ke lotsewa. Ka datse tayoyin da ke ƙasa da katako gaba da baya. Ka kuma tuna cewa da zarar inji ya rabu da bodi, nauyin motar ya koma gefe ɗaya, abin da yake zaune daram ɗazu yana iya rinjaya. Kafin ka shiga, ka girgiza motar da ƙarfinka. In ta motsa, ba ta zaunu ba.

Sai ƙasar da ake aikin a kai. Yawancin gidajenmu tsakar gida turɓaya ce ko daɓe marar kauri. A watan Agusta ƙasar Zariya takan sha ruwa ta yi laushi, ƙafar istan ta riƙa nutsewa a hankali cikin dare, ka wayi gari mota ta karkace. In ba ka da kankare, ka shimfiɗa farantin ƙarfe ko katako mai kauri a ƙarƙashin kowane istan da kuma hanyar da za ka gangaro da injin.

Mai jan inji ta sama kuma, nasa tarkon yana jikin kuren, wato abin ɗaga inji mai dogon hannu da ƙugiya. Za ka ga an rubuta tan 2 da manyan baƙaƙe, amma wannan idan hannunsa yana a gajarce ne. Yayin da kake zaro hannun, ƙarfin yana raguwa: tan ɗaya da rabi, tan ɗaya, har zuwa rabin tan a ramin ƙarshe. Mai tan 1 kuwa a ramin ƙarshe kilo 250 kawai yake ɗauka. Motar tsere tana da dogon hanci, dole ka zaro hannun har ƙarshe kafin ƙugiya ta kai tsakiyar inji. Inji mai silinda huɗu da giyabos ɗinsa yana kusan kilo 200, nauyin buhun siminti huɗu ke nan, mai silinda shida ya fi haka. Lissafin da za ka yi na ramin ƙarshe ne. Ƙari a kan haka, motar tana kusa da ƙasa, ƙafafun kuren ba za su shige ƙarƙashinta ba sai ka ɗan ɗaga ta, haka ma jak sai mai kwantaccen baki.

Rataya cen bulok a reshen mangwaro ko darbejiya abu ne da muka taso muna gani, amma ba na ba kowa shawararsa. Ba wanda ya san abin da gara ta yi wa cikin reshen, kuma bishiya ba ta matsawa, sai dai a tura motar alhali inji yana lilo a sama. In cen bulok gare ka, a haɗa maka ƙafa uku ko gadar ƙarfe. Ka ɗaura sarƙa a kunnuwan ɗagawa da kamfani ya sa a jikin injin, ban da igiya, ban da tsohon bel. Akwai wani ɗan sanda mai zare da ake ratayawa tsakanin ƙugiya da sarƙa, ana juya hannunsa inji ya sunkuya gaba ko baya. Ba shi da tsada idan aka kwatanta da gilashin gaba ko lagireton da inji mai lilo zai fasa.

Maganar sifana ba ta da tsawo. Motocin Japan 10, 12, 14, 17 da 19 suka fi ci, na Jamus kuma za ka haɗu da 13, 16, 18 da kawunan tauraro irin Torx da masu baki goma sha biyu, waɗanda in ka tura musu alanki za ka cinye su. Ga notin da ya yi tsatsa, musamman na salansa, soket mai kusurwa shida ne magani, mai goma sha biyu murje kan yake yi. Ka fesa musu mai tun daren jiya. Notin bututun kuloci da na fetur suna da tasu sifanar mai ɗan tsagu a baki, wadda ke kama noti ta kusan kowane gefe. Abin da ba ka samu a shagunan Sabon Gari ba, ka duba Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano kafin ka fara aikin, kada sai mota tana sama.

Wurin da nake so a fi kula shi ne ɗauri. Mun saba da a ɗaure har sai hannu ya ce ya isa, a ƙara da faif. Injin waɗannan motoci akwai alminiyam da yawa a jikinsa, zaren alminiyam kuwa ba ya jure wannan. Sifana mai awon ɗauri wajibi ce, ƙarama da babba in da hali. Amma ko masu ita suna faɗawa wani rami: littafin motar da ta fito daga Amurka yakan ba da awo da lb-ft, sifanar kuma tana iya zama da Nm. Kowane lb-ft ɗaya Nm 1.356 ne. Notin tayar Toyota da yawa 76 lb-ft ne, wato Nm 103. In ka saita 76 a layin Nm, ka bar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaurin. A taya wannan haɗari ne, a filawil kuma, wato faifan ƙarfen da ke tsakanin inji da kuloci, sake sauke inji ne. Wasu kusoshin tof silinda da na filawil sau ɗaya ake ɗaura su, domin an yi su ne su ɗan miƙe, ana kuma ƙarasa ɗaurinsu da awon kusurwa. In littafi ya ce a sa sababbi, ka sa sababbi. Idan ka gama, ka mayar da sifanar awonta mafi ƙasa, kuma kada ka taɓa kwance noti da ita.

A wajen tayam bel, ɗigon fentin da ake yi don alama kaɗai ba ya isa a injin da ke da kamshaf biyu ko huɗu. Ka nemi makullin da ke riƙe su na daidai injinka. A injuna da yawa, kuskuren haƙori kaɗan ya isa fistin ya daki bawul. Bayan ka ɗaura, ka juya karanshaf da hannu zagaye biyu cikakku, ka ga alamomi sun dawo inda suke. In ka ji ya cije, ka tsaya. Tunda inji yana ƙasa, ka canja famfon ruwa da tenshina mai ɗame bel da oyil sil na bayan karanshaf, ka duba kuloci, kuma ka mayar da shi da ɗan sandan da ke daidaita dis ɗin kuloci a tsakiya. In motar otomatik ce, ka kwance kusoshin kwanbata, wadda ke madadin kuloci, daga farantinta kafin ka raba inji da giya, wajen haɗawa kuma ka tabbata ta zauna har ciki, in ba haka ba famfon giyar zai karye.

Akwai kayan da ba a ɗauke su kayan aiki ba, alhali rashinsu ne ke mayar da aikin kwana uku ya zama na wata uku: ledoji, maka, salatif ɗin takarda, da hoto a waya kafin a cire kowane soket na wayarin. Kowane rukunin noti da ledarsa da sunansa. Kana cire tiyo ko manifol, ka toshe ramin da tsumma mai tsabta ka liƙe. In hunturu ya shigo, ƙurar da ke sauka a kan tabarma cikin yini ɗaya ita ce za ta sauka a cikin injinka. Ka tanadi fitila mai caji, domin wuta ba ta da tabbas, da abin kashe gobara a inda hannu zai kai.

A wajen batir, kan nagetif ake fara cirewa, amma sai bayan an sauke matsin fetur. Layin fetur yana riƙe da matsi ko mota a kashe take, don haka ka katse wutar famfon fetur, ka tayar da mota har ta mutu da kanta kafin ka kwance shi. Kwamfuresar esi ba sai ka saki iskarta ba, ka kwance ta daga jikin inji ka ɗaure ta a gefe da waya. Ruwan lagireto mai launi yana da zaƙi kuma guba ne, ka tare shi a jarka mai murfi, domin a gida akwai yara da awaki da kaji. Wajen saukewa, ka sauke ɗan kaɗan ka tsaya ka haska ko'ina. Kusan kullum akwai wayar at ɗaya, mai haɗa inji da bodi, ko ƙaramin tiyo da ya rage a maƙale.

Bayan an mayar da inji, kada ɗoki ya sa ka murza makulli nan take. Ka zuba baƙin mai, ka bar famfon fetur a katse, ka ba shi sitata har fitilar mai ta mutu, sannan ka haɗa. Mota mai inji a tsakiya irin MR2 lagiretonta yana gaba, ruwa yana bin dogayen bututai ta ƙarƙashin bodi, iska kuma tana son laɓewa a cikinsu. MR2 tana da wuraren fitar da iska a lagireto da wajen hita. Ka sa musu siraran tiyo masu nuna ciki, ka riƙa zuba ruwa a hankali har ya hau cikinsu ba kumfa. Ka bar ta ta yi zafi, ta huce, ka sake duba ruwan, sannan ka zaga unguwa idonka yana kan allurar zafi kafin ka hau titin Kaduna.