Idan ka sauka daga jirgin ruwa amma ƙasa ta ƙi tsayawa

Mu Kanawa ba mutanen teku ba ne, iyakarmu Tiga da Bagauda. Amma tun da manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido suka fara tashi daga Jidda a 2021, masu zuwa Umara da 'yan kasuwarmu na Dubai suka shiga ƙara wa tafiyarsu 'yan kwanaki a kan ruwa. Sana'ata shirya wa mutane tafiya ce, saboda haka ni ake fara kira idan an dawo da wata damuwa. Wadda ta fi tayar wa mutane hankali ita ce wannan: an sauka lafiya a filin jirgin Malam Aminu Kano, an kwana a gida, amma mutum na jin ɗaki na lilo da shi.

Abu na farko, ka tantance me kake ji. Wannan ba hajijiya ba ce. Mai hajijiya yana ganin ɗaki na juyawa, sau da yawa idan ya juya a kan gado ko ya ɗaga kai. Shi kuwa wannan babu abin da ke juyawa. Rangaji ne kawai, gaba da baya ko gefe da gefe, kamar kana taka sabuwar katifa. Ya fi tsananta idan ka tsaya cak ko ka zauna shiru. Wata Hajiya mai shago a Kantin Kwari ta ce min a sallah ta fi jin sa: tana tayar da kabbara sai ta ji dardumar na tafiya da ita, idan ta ɗago daga ruku'u kuwa sai ta ware ƙafa kafin ta daidaita.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi banda kuɗin mota. Ka hau Adaidaita Sahu daga unguwarku zuwa, a ce, Ƙofar Nasarawa, ka lura da jikinka. Idan abin ya lafa muddin kuna tafiya, ya dawo da zarar ka sauka, to kusan ka gano bakin zaren. Yawancin ciwukan jiri ƙaruwa suke yi a cikin mota, wannan kuwa sauƙi yake yi. Likitoci ma da wannan alamar suke dogara sosai.

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. A can cikin kunne akwai sashen da ke auna motsin kai, yana aiki tare da ido da gaɓoɓi don ƙwaƙwalwa ta san inda ƙasa take. Kwanakin da ka yi a jirgi, ƙwaƙwalwa ta koyi rawar igiyar ruwa har ta riƙa tarar ta tun kafin ta zo, shi ya sa bayan kwana biyu kake yawo a jirgin ba ka dafa komai. Da ka sauka, ita ba ta daina jiran igiyar ba. Doguwar tafiyar jirgin sama, ko jirgin ƙasa, ko motar Legas ma kan jawo shi, sai dai ruwa ya fi. Na faɗi wannan ne don na san mutanenmu. Da an ji kalmar teku, sai gwaggo ta ce an gamu da mutanen ruwa, a kawo hayaƙi. Addu'a kam a yi ta, amma kada a rufe baiwar Allah a ɗaki ana turara ta alhali iska da tafiya take buƙata.

A mafi yawan mutane abin na wucewa cikin awanni, ko kwana ɗaya zuwa biyu. A wannan tsakanin, kada ka kwanta jinya. Ka yi barcinka na dare isasshe, ka sha ruwa, sannan bayan la'asar ka fita ka taka a fili inda idonka zai hangi nesa, ba cikin lungun da bango ke dama da hagu ba. Ka rage kallon waya, musamman zazzaga bidiyo da yatsa. Wuraren da ido ke shan hayaniya, irin Kwari da rana tsaka ko manyan kantuna masu fitilu da tayil mai ƙyalli, ka ɗan jinkirta su. A banɗaki ka zauna kan kujera ka yi alwala, a bar hawa tsani. Idan tsayuwar sallah ta gagara, addini ya ba da damar zama.

Kada kuma daɗin da kake ji a mota ya sa ka wuni kana zaga gari. Sauƙin aro ne, kana kashe injin zai dawo.

Sai batun kemis. Kana cewa jiri za a miƙo maka Stugeron ko Avomine. Waɗannan suna taimakon mai amai a cikin tafiya, amma ga wanda ya riga ya sauka ba kasafai suke yin komai ba, sai dai su saukar masa da kasala da barci. Wani kuma zai ce taifot ce, a ɗaura ruwa. Abin da zan yarda a yi maka a can shi ne awon hawan jini, da na suga idan kana da shi, don a cire su daga lissafi.

Idan ya wuce awa 48 bai tafi ba, ya zama abin da likitoci ke kira mal de débarquement. Wasu likitocin Amurka biyu, Brown da Baloh, su suka yi rubutun da ya fito da shi fili a 1987. Ya fi kama mata, musamman 'yan shekara 40 zuwa 50, da masu fama da ciwon kai na ɓari guda. Yakan ɗauki makonni, wasu watanni, ƙalilan kuma shekaru. A nan sai ka nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ko na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano yana da su, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Ka tafi da bayani uku a bakinka: ranar da ka sauka, kwana nawa ka yi a ruwa, da cewa mota na sauƙaƙa maka. Ka faɗe su tun ba a tambaye ka ba, domin gwajin kunne da hoton kai galibi lafiya lau suke fitowa, kuma ba kowane likita ne zai kawo teku a ransa a Kano ba. Akwai magungunan da akan gwada, amma wasunsu suna sa sabo, sai da takardar likita. A asibitin Mount Sinai na New York an ɓullo da wata hanya a 2014, inda ake karkata kan majiyyaci a hankali yana kallon layuka masu motsi don a sake saita ƙwaƙwalwar.

Wanda kuma ya ga bakinsa ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu da ƙafa sun yi nauyi a gefe guda, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko kunne ya toshe farat ɗaya, ko wani ciwon kai da bai taɓa jin irinsa ba, wannan ba zancen jirgi ba ne. A sa shi a mota zuwa sashen gaggawa a lokacin, ko da tsakar dare ne.